Sun Sani, Tun Ba Yau Ba

Shell ta sayar wa Renaissance, wata gamayyar kamfanoni galibi na Najeriya, rijiyoyinta na mai na kan tudu a Neja Delta, an kammala ciniki a Maris 2025, wasu har murna suke wai arziki ya dawo hannun 'yan gida. To, dattin da ta bari fa, wa zai kwashe?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu cewa ai kamfanin bai san girman ɓarnar ba. Wallahi ya sani. Tun 1956 da aka samu mai a Oloibiri injiniyoyinsa ke ajiye tarihin bututunsu: yaushe aka binne, ina tsatsa ta ci. In dabarar ƙara yawan ganga ce, kafin ka ce kwabo ta iso Fatakwal daga Turai. In ta gyara ce, sai ta kwana a durowa.

Ku duba Bodo, garin masunta a ƙasar Ogoni ta jihar Ribas. Bututu ya fashe sau biyu a 2008, mai ya yi makonni yana malala, ya kashe kifi, ya bar masunta da koma a rataye. Kamfanin ya ce ganga 4,000 ce kawai. Da aka je kotu a Landan, takardunsa na cikin gida na 2002 suka fito, ashe an rubuta cewa yawancin manyan bututun sun gama yayinsu. Shekara shida kafin fashewar! Sai a 2015 ya biya fam miliyan 55. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kuwa ya gano a Nisisioken Ogale, can ƙasar Ogoni, mutane na shan ruwan rijiya mai sinadarin benzene, mai haddasa ciwon daji, ninki 900 na abin da aka yarda da shi. Uwa ta ɗebo wannan ta dama wa ɗanta koko.

Na san za a ce ɓarayin mai ne ke fasa bututu. Akwai su, ban musa ba. Amma ɓarawo ne ya hana a sa na'urar gano yoyo a bututun ƙauyen Oruma na jihar Bayelsa, har sai da kotun Holan ta ba da umarni a 2021? Na'urar tana nan, sun san ta.

Mu kuma nan Arewa, tun da Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, yankin Alƙaleri kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022, lissafin kaso kawai muke yi. Mutanen Alƙaleri, ku nemi a auna ruwan rijiyoyinku yanzu, a ba hakimi da masu unguwa kwafin sakamakon a hannu.