Tsufan kati ba shi ne tsadarsa ba

Akwai maganar da na gaji da ji a bakin masu sha'awar tara katunan 'yan wasa, wato 'yan katuna masu ɗauke da hoton ɗan wasa, wai duk katin da ya tsufa dukiya ne, don haka mai ƙaramin ƙarfi ba shi da rabo a harkar. Ba a rasa dalilin wannan tunani ba. A 2022 an sayar da katin Mickey Mantle, shahararren ɗan wasan baseball, bugun kamfanin Topps na 1952, kan dala miliyan 12.6 a Amurka, kuma irin wannan labari shi ne ke yawo.

Amma shekaru kaɗai ba sa ɗaga farashi. Masu saye suna duba ƙarancin katin, da sunan ɗan wasan, da lafiyar takardar: kusurwoyi ba su lanƙwashe ba, hoto yana tsakiya, babu tabo. Kamfanoni irin su PSA kan tantance kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10, kuma bambancin maki ɗaya na iya ninka kuɗinsa.

Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, kamfanoni sun buga katunan wasan baseball har suka cika kasuwa, mutane kuma suka adana su tsaf suna jiran riba. Yau katunan sun haura shekara 30, amma akasarinsu ko kuɗin tantancewa ba za su biya ba. Haka kuma katin shekarun 1960 na ɗan wasan da bai yi suna ba, mai ɗan gogewa a gefe, daloli kaɗan ake sayar da shi a kasuwar intanet ta eBay.