Nasiha ga matasa masu neman tallafi da sunan tsofaffi

Assalamu alaikum, 'yan'uwana matasa na ƙungiyoyin unguwanni a Garwa, Marwa, Ngawundare da Kusseri.

Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 2021 zuwa 2030 domin lafiyar tsofaffi, ta kuma ɗora jagorancin aikin a kan Hukumar Lafiya ta Duniya, sunan iyayenmu ya fara shiga takardun neman tallafi da muke rubutawa, kuma dama lokaci ya yi. Shekara da shekaru kuɗin agaji ya fi karkata ga zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka, cuta mai karya garkuwar jiki da rigakafin yara. Ko a nan Kamaru, takardar lafiya ta sefa 6,000 da aka fara a yankunanmu uku na arewa ta masu juna biyu ce da jariransu, haka ma kashin farko na shirin lafiya ga kowa da aka ƙaddamar a Afrilun 2023 ya fi mayar da hankali kan yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu ciki. Babu mai jayayya da wannan, sai dai dattijon da hawan jini ko ciwon suga ya kama daga aljihunsa ko na 'ya'yansa yake sayen magani, wata bayan wata.

Abin da ya sa nake wannan rubutu wani aiki ne da hannuna ke ciki, don haka kada wani ya ɗauka shi nake yi wa gugar zana. Wata ƙungiya ta taɓa samun ɗan tallafi ta shirya awon hawan jini na yini guda a unguwarmu, ni ma ina cikin masu kafa rumfa da jera kujeru. Na kawo gwaggona da kaina, aka ɗaura mata na'ura a damtse, aka ga jininta ya haura 140 bisa 90, mizanin da ake cewa jini ya hau, nesa ba kusa ba, aka ba ta maganin wata guda, aka ɗauki hotonta riƙe da ledar. Ta sha, nauyin kai ya sake ta, magani ya ƙare, ta ce alhamdu lillahi ta warke. Cikinmu babu wanda ya zaunar da ita ya ce, "Gwaggo, wannan magani ba a barinsa," babu kuma wanda ya faɗa mata inda za ta sami na wata mai zuwa. Bayan wasu watanni ta yanke jiki ta faɗi a wurin alwala, ɓarin jikinta na dama ya shanye, yau jikarta ce ke juya ta a kan tabarma, karatun yarinyar kuma ya tsaya. A rahoton da aka aika wa masu kuɗi, gwaggona tana cikin waɗanda aka ƙirga a matsayin nasara.

Tallafi yana da wa'adi, wata shida ko shekara guda, hawan jini kuwa ba shi da ranar ƙarewa. Duk wanda ya ga yadda ayyuka suka tsaya cak a ƙasashe da dama lokacin da Amurka ta dakatar da agajin ƙasashen waje a Janairun 2025 ya san cewa kuɗin wani ba abin jingina ba ne. Saboda haka kafin ku rubuta layi na farko, ku tambayi kanku abin da zai faru washegarin ranar da kuɗin zai ƙare. Kuɗi mai wa'adi ya fi dacewa da aikin da ake gamawa a tashi, kamar aikin yanar ido, wadda ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya alhali tiyata ɗaya kan dawo da gani, ko gilashin karatu, ko sayen na'urorin awon jini da koya wa jami'an lafiya na unguwa amfani da su. Idan kuwa magani za ku fara bayarwa, to ku je wurin shugaban gundumar lafiya tun farko, ku yi yarjejeniya a rubuce da asibitin unguwa, ku kuma kafa wani asusu irin na adashi da 'ya'ya da jikoki za su riƙa zubawa, domin kada ku ɗora tsoho a kan hanya ku janye.

Sai batun adalci, wanda kowa yake rubutawa a takarda amma kaɗan ne suke tsayawa a kansa. Wanda ya zo rumfa shi ne mai ƙafa, mai kuɗin babur, mai ɗan da zai riƙo hannunsa. Mai tsananin buƙata yana ƙuryar ɗaki, wataƙila gwauruwa ce da ba ta haihu ba, ko makahon da jagoransa ya tafi birni, ko dattijon da rikicin kan iyaka ko ambaliyar 2024 a bakin kogin Logon ta raba da gidansa. Waɗannan sai an bi su gida gida tare da mai unguwa da liman, da mata ma'aikata masu shiga cikin gidaje, kuma a yi musu bayani da Hausa, Fulatanci, Kanuri ko Larabcin Shuwa, domin Faransanci na masu karanta rahoto ne. Ku sa kuɗin wannan zirga-zirga cikin kasafi, ko da hakan zai rage yawan sunayen da za ku nuna.

Game da amana ba zan tsawaita ba, kowa ya san hukuncinta. Ku yi rajistar ƙungiya a ofishin firefe, wato babban jami'in mulki na yankinku, kamar yadda dokar 19 ga Disamban 1990 ta tanada, ku buɗe asusu da sunanta wanda ba a cire ko sisi sai da sa hannun mutum biyu, kada kuɗin jama'a ya kwana a wayar shugaba, kuma kowace rasit a adana ta. Ni dai idan na ga kasafin da ɗakin taro, riguna, kyallen talla da kuɗin zama suka cinye fiye da abin da zai kai ga jikin tsoho, nakan san wanda aka rubuta takardar dominsa. Hoto ma a nemi izini, a faɗa wa Baba ko Inna inda za a kai shi, idan sun ƙi a mayar da waya aljihu.

Ranar 1 ga Oktoba ita ce ranar tsofaffi ta duniya, kuma na san wasunku za su kafa rumfa. Duk wanda za ku auna a ranar, ku rubuta sunansa da unguwarsa a littafi, ku rubuta sunan ɗayanku da zai koma gidansa bayan kwana 30 ya duba ko ledar maganin ta ƙare.