Ranar da na daka wa surukina tsawa saboda Duna

Kun dai san tun da aka tsallako katanga aka kwashe mana batiran sola na rantse sai na ajiye kare. Aka kawo min kwikwiyo daga Jos, wai rabinsa Alseshan ne, irin karen nan na 'yan sanda, kunnuwan za su miƙe idan ya gama famfara. Muna jira. Na sa masa Duna, aka yi masa allurar ciwon hauka da ya cika wata 3, aka ɗura masa maganin tsutsa. Uwargida ta kafa dokokinta: ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar butar alwala, duk kwanon da ya lasa kuma ni zan wanke sau bakwai da hannuna.

Horon kuwa a YouTube na koya. Wata Baturiya ta ce ka riƙe abinci dab da hancinsa, ka ɗaga zuwa ƙeyarsa, da kansa zai dire gindi a ƙasa, kai kuma ka ba shi nan take, kada darasi ya wuce minti biyar. Ita da biskit ɗin karnuka take yi, ni da ƙuli-ƙuli. Kuma wallahi abin ya yi aiki. In Duna ya jiyo ƙamshin ƙuli a aljihuna, kafin in buɗe baki ya zauna. In babu ƙuli fa, sai ya kalle ni kamar na zo karɓar bashi.

To ranar Asabar bayan la'asar sai ga Baba, mahaifin uwargida, daga Zariya, ba waya ba komai. Wanda ya san Baba ya san ko haɗa ido ba na iya yi da shi. Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi a bakin baranda, ni kuma na zube ina kwasar gaisuwa, kaina a ƙasa. Ina cikin "an zo lafiya, ya hanya" sai na hango Duna ta gefen ido ya kwaso gudu, ya nufi bakin babbar rigar Baba, farar shadda tas. Na laluba aljihu, wayam. Sai kawai na ɗago, na miƙa yatsa, na ƙwala iya ƙarfina: "ZAUNA!"

Jama'a, yatsan nan Baba yake nunawa. Duna yana bayansa.

Baba ya dube ni. Ya dubi yatsan. Ya waiwaya ya ga benci, ya tattare riga a hankali, ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Ya ce, "To, na zauna." Ba faɗa, ba murmushi. Da ma zagina ya yi. Ni kuma har lokacin ina durƙushe, hannu a sama, na rasa yadda ake sauke shi. Na ce, "Baba, ba kai ba, wancan," sai na ji abin ya ƙara muni, don wancan ɗin ya riga ya sure takalmin Baba ƙafa ɗaya ya yi bayan gida da shi. Na bi shi ina "Duna, kawo! Kawo!" alhali ba mu kai darasin kawo ba tukuna. Uwargida ta leƙo daga kicin, ta koma, na ji ta rufe ƙofa. Wai tari ne ya sarƙe ta.

Amma duk wannan bai ƙona min rai ba kamar mai garuwarmu. Yana tsaye yana juye ruwa a duro, ya saki jarka ya riƙe ciki yana dariya har da buga ƙafa. Wannan mutumin fa shi ne ranar da aka kawo Duna a kwali ya ɗare kan kurarsa yana salati, ya ce ba zai ƙara shigowa ba sai an ɗaure. Shi ne ya ƙara mana kuɗin jarka wai ladan haɗari. Rigata ta sallar bara ma tana jikinsa a lokacin da yake dariyar. Kafin magariba ya gama zagaye layin da labarin, har ya ƙara gishiri wai Baba ya miƙo hannu a ba shi ƙuli. Yanzu in na doso majalisa ba mai ce min bismillah, sai su haɗa baki su ce "zauna". Har yaran makarantar allo.

Baba dai da silifas ɗina ya koma Zariya, kuma a tasha ya ce wa 'yarsa karen yana da ƙoƙari. Ban gane wa yake nufi ba. Takalmin an same shi a ƙarƙashin tankin ruwa, babu maɗauri. Wanda zai shiga kasuwar Ƙofar Wambai cikin satin nan ya yi min magana, takalmin Baba lamba 44 ne.