Kayan Sallah: jiki ɗaya gare mu

Duk wanda ya bi ta Kantin Kwari a Kano bayan azumi ya kai ashirin ya san abin da nake nufi. Ba masaka tsinke. 'Yan dako ɗauke da dilolin atamfa suna neman hanya, mata da yara na kutsawa layi-layi da bakin azumi, ana tayawa ana cewa albarka. Goman ƙarshe da ya kamata mutum ya rage hidimar duniya ya fuskanci ibada, su ne suka zama kwanakin da muka fi zarya a kasuwa.

Ba ina cewa kada a yi ado ranar idi ba. Addini ya so mutum ya sa mafi kyawun tufafinsa, kuma wanda ya taɓa ganin murnar yaro cikin sabuwar riga da hula ba zai so a hana shi ba. Abin da ke damuna shi ne kala ɗaya ta daina isa. Akwai na zuwa idi, akwai na kallon Hawan Daushe, akwai na yawon Sallah, ga kuma ankon 'yan gida saboda hoton da za a ɗora a Facebook da TikTok. Ɗinkin nan, idan za mu faɗa wa kanmu gaskiya, rabinsa domin idon mutane ake yin sa.

A duba lissafin. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuma darajar naira ta faɗi, komai ya yi tashin gwauron zabi. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Shaddar Getzner daga Ostiriya ake kawo ta, atamfa mai sauƙin kuɗi yawancinta daga China, manyan masaƙun Kaduna kuwa sun daɗe da durƙushewa, don haka kuɗin ma ba a hannunmu yake tsayawa ba. Magidanci mai 'ya'ya takwas zai kwashi adashe, ya ƙara da bashi, kafin ya gama biya wata biyu da kwana goma sun cika, ga maganar ragon layya ta taso. Sau nawa aka yi rigima tsakanin miji da mata a kan leshi, a watan da ake neman rahama?

Tela ma bai tsira ba. Wanda ke bakin layinmu kwana yake a kan keke da janareta, ido ya yi ja, ya karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinsa saboda a nan yake samun na shekara, daren Sallah kuma a zo a zazzage shi.

Abin da ya sauya mini tunani akwatin mahaifiyata ne. Bayan rasuwarta muka buɗe domin rabon gado, muka tarar da turamen atamfa goma sha bakwai ko almakashi bai taɓa su ba, wasu har da takardar kanti a jiki. Da yawa ni na saya mata, Sallah bayan Sallah. Takan karɓa ta sa mini albarka, ta ce, "Ɗan nan, ai jiki ɗaya gare ni." Zannuwa uku zuwa huɗu take juyawa, kullum fes, suna ƙanshin turaren wuta. Na tsaya a kan akwatin nan ina tuna shekarun da na ci bashi domin in kawo su.

Bana na yi wa yara kala ɗaya ɗaya, mai kyau, tun kafin azumi ya kama. Babbar ta ɓata rai, na zaunar da ita na nuna mata abin da nake samu a wata da abin da ake bina. Ni kuwa na ciro shaddata ta shekara uku da ta wuce, wadda sau biyu kawai na taɓa sawa, na kai wa masu bugu. Sun ce in dawo jibi in karɓa.