Gargaɗi ya isa, amma motar tserewa fa?

Rahotonku da ke cewa hasashen guguwa ya inganta gaskiya ne, sai dai akwai sauran rina a kaba. A 1900 guguwar da ta afka wa birnin Galveston na Amurka ta hallaka aƙalla mutum 6,000, da yawansu sai ganin ruwan teku suka yi har cikin ɗaka. Tun da Amurka ta harba tauraron ɗan Adam na hasashen yanayi mai suna TIROS-1 a 1960 aka fara hango guguwa daga sama, yanzu ma waya ce ke kukan gargaɗi a aljihu. To guguwar Katrina fa, a 2005? An yi shelar a bar gari tun kafin ta iso birnin New Orleans na Amurka, amma talakan da ba shi da mota ya nufi ina? Dubbai a filin wasa na Superdome suka ƙare, ruwa ya kewaye su.