Wa ya ba ku izinin zubar da nagetif ɗina?

Masu wankin hoto na wannan zamani sun kai ni bango. Na daɗe ina haɗiye abin a raina, amma sabuwar ɗabi'ar da wasunsu suka tsiro da ita ta wuce gona da iri: ka aika musu fim ɗin kyamararka, su wanke, su turo maka hotuna ta intanet, shi kuma nagetif ɗin su jefa shi a kwandon shara. Idan ka tambaya sai a nuna maka wani ɗan layi a ƙasan takardar sharuɗɗa, da rubutu ƙanana, wai in ba ka zo ka karɓa cikin 'yan makonni ba, ko ba ka ƙara kuɗin mayarwa ba, sun sauke nauyi. Wane nauyi kuka sauke? Kayana ne na ba ku amana ku yi mini aiki a kai, ban ba ku kyauta ba.

Wanda bai taɓa riƙe fim ba zai ɗauka rigimar banza nake yi, tunda ai ga hotunan nan a waya. To nagetif shi ne hoton. Wannan ɗan falle mai faɗin milimita 36 da tsayin 24 shi ne ya kasance a cikin kyamara a lokacin, shi hasken ya faɗa wa, a jikinsa sinadarin azurfa ya kama surar abin da ke gaban idona. Duk abin da ya biyo baya, na takarda ne ko na kwamfuta, kwafi ne kawai. Tamkar ka kai wa tela yadi ne ya ɗinka maka riga, ya ɗauki hotonta ya turo maka, sannan ya cinna wa rigar wuta ya ce ai ka ga yadda ta fito.

Kuma ku dubi abin da suke turowa a madadinsa. Hoto ne ƙarami, sau da yawa ɗigo 1500 a 1000 ko kusa da haka, an matse shi a tsarin JPEG, alhali fim ɗin yana ɗauke da bayanin da ya ninka wannan sau da yawa. Na'urorin sikanin (masu mayar da nagetif hoton kwamfuta) da galibinsu suke amfani da su, irin su Noritsu da Frontier, na'urori ne masu kyau ƙwarai in akwai mutum zaune a gabansu yana duba hoto ɗaya bayan ɗaya. Amma sai a bar na'ura ta yanke hukunci ita kaɗai. Ka ɗauki hoto da almuru, ka zaɓi duhun nan da gangan, ka auna haskenka ka sake aunawa, na'ura ta ga duhu ta ce kuskure ne, ta haskaka shi har inuwa ta koma toka-toka mai tsakuwa. Fatar baƙin mutum kuwa ita ta fi shan wahala a hannun wannan gyaran na kai-tsaye: wani lokaci ta fito da kore-kore, wani lokaci a wanke ta har mutum ya rasa kamanninsa. Da nagetif na hannuna, da ba komai, in kai wa wani ya sake sikanin, ko in jira shekara goma na'ura mafi kyau ta fito. Da suka zubar da shi, wannan gurɓataccen kwafin shi ne abin da ya rage a duniya na wannan yammacin.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Nagetif shi ne shaida. Wankin fim mai launi, wanda ake kira C-41, aiki ne da ba ya son wasa: ruwan maganin farko yana buƙatar zafi kusan digiri 38 a ma'aunin Selsiyos, fim ya zauna a ciki minti uku da daƙiƙa 15. Ruwan yana gajiya in an yi ta wanki da shi, dole a riƙa ƙara masa sabo gwargwadon yawan fim ɗin da ya ratsa. Akwai ma wani ɗan fim na gwaji da kamfanoni suke sayarwa domin mai wanki ya saka a na'urarsa ya auna ko ruwansa yana nan daram. Wurin da ya san aikinsa yana yin wannan gwajin a kai a kai. Wurin da ya mai da abin neman kuɗi kawai sai ya ci gaba da wanki da gajiyayyen ruwa, launuka su karkace, hoto ya fito a dushe, idan ka yi magana a ce maka kyamararka ce ta tsufa.

Ga yadda ake gane gaskiya, kuma su ma sun sani. A gefen kowane fim, kusa da 'yan hujojin nan, akwai sunan kamfani da lambobin hotuna waɗanda aka buga da haske tun daga masana'anta. Kyamara ba ta da hannu a cikinsu. In rubutun gefen ya fito baƙi ƙirin, hotunan kuma suka fito fayau ba komai, laifin kyamara ne ko na mai ɗauka, ba gardama. In kuwa rubutun gefen shi ma ya dushe, to ruwan wanki ne ya gaza. Haka dogon kwarzane da ya bi fim daga farko har ƙarshe, da tabon ruwa, da sawun yatsa, da ƙurar da ta manne tun fim yana da danshi, duk a jikin nagetif ake ganinsu a san daga ina suka fito. Wanda ya zubar da nagetif ɗinka ya zubar da abin da za ka tsaya da shi a gabansa ka ce kai ka ɓata mini aiki. Na taɓa karɓar hotunan da layi ɗaya ya ratsa su duka a wuri guda, na nemi fim ɗin in duba, aka ce wa'adi ya wuce. Ko haƙuri ba a ba ni ba, sai ma shawarar in kai kyamarata gyara.

Kada kowa ya zo mini da maganar nan ta "ka yi amfani da waya mana". Na san waya tana ɗaukar hoto. Ina ɗauka da fim ne saboda hoto 36 kacal nake da shi a nadi guda, kuma wannan ƙarancin yana sa ni tsayawa in kalli abu sosai kafin in danna. Mun riga mun sha hasarar da ta ishe mu a wannan harka ba sai an ƙara mana ba. Fim ɗin Kodachrome, wanda aka fara sayarwa a 1935, Kodak ta daina yin sa a 2009, wuri na ƙarshe da ke iya wanke shi, Dwayne's Photo a garin Parsons na jihar Kansas ta Amurka, ya daina karɓa a ƙarshen 2010. Fujifilm ta dakatar da fim ɗinta na Pro 400H a farkon 2021. Wanda ya rage kullum tsada yake ƙarawa. A filayen jirgin sama kuma an kawo sababbin na'urorin bincike na CT waɗanda kamfanonin fim da kansu suka yi gargaɗin cewa wucewa ɗaya ta cikinsu na iya lalata fim ɗin da ba a wanke ba, sai ka tsaya kana roƙon jami'i ya duba da hannu, wani ya yarda, wani ya ce dokarsa ba ta san wannan ba. Bayan fim ya tsallake duk wannan, a ce a hannun wanda sana'arsa ke nan zai mutu? Haba!

Wasu za su ce in koyi wankewa da kaina. Fim na fari da baƙi ana wanke shi a gida, ruwa a digiri 20, ƙaramin tanki da jakar duhu, kuma mutane da yawa suna yi. Sai dai ba kowa yake da wuri ba, ba kowa yake da inda zai zubar da ruwan magani mai ɗauke da azurfa ba tare da ya cutar da wani ba. Kuma ko da kowa zai iya, wannan bai wanke wanda ya karɓi kuɗin aiki ya ƙi yi ba.

Abin da ya sa na kasa yin shiru a wannan karon shi ne, ɗaya abin da nake hutawa da shi, wato wasannin bidiyo na ƙananan masu ƙirƙira, waɗanda ake ce wa indi, can ma wannan rainin nake tararwa. Wasanni ne da mutum ɗaya ko 'yan mutane kaɗan suke zama su gina, babu wani babban kamfani a bayansu. Stardew Valley da ya fito a 2016, mutum ɗaya ne, Eric Barone, ya yi zanensa da kiɗansa da rubutun manhajarsa, ya shafe sama da shekara huɗu a kai. Irin wannan aikin yana da hannun mai shi a jikinsa, kuma shi nake so. Amma tsakanina da mai aikin akwai kanti na intanet, kuma kantin nan ne yake riƙe da makulli.

Ranar da intanet ta ɗauke mini, na buɗe wani ɗan wasa da na biya kuɗinsa, wasan mutum ɗaya ne, ba ya buƙatar kowa a waje, yana zaune a cikin kwamfutata gaba ɗayansa. Manhajar kantin ta ƙi buɗe shi, wai sai ta tabbatar da ni tukuna. Wasan yana gabana, kuɗina yana wurinsu, amma sai na nemi izini. Wanda ya saci wasan bai san wannan wahalar ba, nasa yana buɗewa lafiya lau. Wanda ya biya shi ake tsarewa a ƙofa ana bincika.

Kuma kantunan nan rufewa suke yi. Microsoft ta rufe sashen Xbox Live Indie Games a 2017, wurin da dubban ƙananan masu ƙirƙira suka fara gwada hannunsu. Nintendo ta rufe kantin na'urar wasanta ta Wii a Janairun 2019, ta kuma dakatar da saye a kantin na'urorin 3DS da Wii U a Maris na 2023. Manyan wasanni suna da faifai ko kaset da zai ci gaba da yawo a hannun mutane. Ƙananan da yawa ba a taɓa buga su a kan komai ba, a kantin kaɗai suke, ranar da aka rufe shi babu sauran halastacciyar hanyar samunsu. Da Adobe ta daina tallafa wa Flash, manhajar da ke kunna wasanni a shafukan intanet, a ƙarshen 2020, wasannin da aka yi shekara da shekaru ana bugawa a shafukan intanet sun daina buɗewa, kuma 'yan sa-kai ne, irin masu aikin Flashpoint, suka tattara abin da za su iya, ba kamfanonin da suka ci riba ba. Wani bincike da gidauniyar adana tarihin wasannin bidiyo, Video Game History Foundation, ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su a lokacin. Kashi 87!

Abin ya kai har jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024 da ta tilasta wa kantunan intanet su faɗa wa mai saye a fili cewa lasisi yake karɓa wanda za a iya janyewa, sai fa in kayan irin wanda zai sauke ya ajiye ne ya yi amfani da shi ba tare da intanet ba. Sai da doka ta tsaya a kansu kafin su faɗi abin da suka sani tun farko.

Ba na ɗora wa masu ƙirƙirar wasannin laifi, su ma a matse suke. Manyan kantuna sun saba ɗaukar kashi 30 cikin ɗari na kuɗin kowane wasa, sannan su binne ƙaramin wasa a ƙarƙashin dubban da ke fitowa kowace shekara. A 2023 kamfanin Unity, wanda da yawansu suke gina wasa da manhajarsa, ya wayi gari ya ce zai riƙa cajinsu a kan kowace saukewa, sai da aka yi masa ca sannan ya sassauta, ya soke tsarin gaba ɗaya a 2024. Waɗanda ke tsakiya, masu riƙe da hanya, su nake tuhuma. Kuma ba za su ce ba ya yiwuwa ba, domin kantin GOG yana sayar da wasanni ba tare da wannan makullin ba, ka sauke fayil ɗin girkawa ka ajiye a inda kake so, a kantin itch.io ma galibin wasanni haka suke. Akwai kuma wuraren wankin hoto na kirki da suke yanka nagetif shida-shida ko huɗu-huɗu, su zura a rigarsa ta leda, su mayar wa mai shi ba tare da ya roƙa ba.

Ga masu wankin hoto, abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Mayar da nagetif ya zama shi ne ƙa'ida, wanda ba ya so ya faɗa da bakinsa, ya sa hannu. In wa'adi ya kusa cika ku aiko da saƙo, ai kuna da lambata, da ita kuka turo mini takardar biyan kuɗi. Ku rubuta girman sikanin da za ku ba ni da lambobi kafin in biya, ku daina fakewa da "matsakaici" da "babba". In ruwanku ya gaza ko na'urarku ta kwarzane fim, ku faɗa kafin in gano da kaina. Masu kantin wasanni kuma, wasan da ba ya buƙatar intanet ku bar shi ya buɗe ba intanet. In za ku rufe kanti, ku ba mutane fayil ɗin abin da suka biya su ajiye, ku kuma sakar wa masu ƙirƙira haƙƙinsu su kai wasansu wani wuri su sayar.