Ga kamfani ya gama amfani, ga doka bai gama lalacewa ba

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata takwas ke nan ina danne wannan magana saboda mutuncin gidanmu, amma yau cikina ya cika, zan faɗe ta kowa ya ji.

Yayana shekararsa 46. Shekara 13 ya yi yana tuƙa babbar motar ɗaukar gungumen katako a wani kamfani nan Kumasi. Kullum da an sallame sallar asuba zai bar Aboabo, wani lokaci sai ya kwana biyu a daji kafin ya dawo da ƙurar hanya har cikin gashin ido. Cikin azumin da ya wuce, muna tsakiyar sahur, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Hawan jini ne ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Kamfanin ya biya shi albashi cikakke wata biyu. A wata na uku aka ba shi rabi. A na huɗu wani yaro ya kawo wasiƙa a kan babur, ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Wasiƙar ta ce tunda ba ya iya aiki saboda ciwo, an sallame shi, ga albashin wata ɗaya a madadin sanarwa. Shi ke nan. Mutumin da ya ba su ƙuruciyarsa, da takarda ɗaya aka rufe babinsa.

Na ce ba komai, ai ana yankan kuɗinsa kowane wata. Duk ma'aikaci a Gana ya san wannan yanka. Dokar fansho ta 2008, mai lamba 766, ta ce a cire kashi 5.5 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai kamfani ya ɗora kashi 13, ya zama 18.5. Daga ciki 13.5 na tafiya SSNIT, hukumar da ke riƙe kuɗin fanshon ma'aikata, su kuma su ware 2.5 su tura wa inshorar lafiya, ragowar kashi 5 ya shiga asusu na biyu da ake ce wa tiya-tu. Ni a tunanina, da tunanin Yaya, da tunanin duk direban da na sani, wannan kuɗi na ranar da ƙafa ta kasa ɗaukar mutum ne. Ranar ta zo. Na ɗauki katin Gana na Yaya da takardunsa na je ofishin SSNIT in ji abin da ya tara.

Ma'aikaciyar da na tarar ta yi mini bayani dalla-dalla, ban ga laifinta ba, abin da doka ta rubuta shi ta karanta mini. Dokar ce ta sa jikina ya yi sanyi. Akwai fanshon tsufa, idan mutum ya kai shekara 60, ko ya karɓi ragagge daga 55, kuma sai ya biya aƙalla wata 180. Akwai kuɗin magada idan ya rasu. Akwai na baƙon da zai bar ƙasar gaba ɗaya. Sai kuma fanshon nakasa, shi ma da sharuɗɗa biyu: mutum ya biya wata 12 cikin wata 36 na ƙarshe kafin ciwon ya same shi, kuma kwamitin likitoci ya tabbatar cewa nakasar ta dindindin ce, ba zai sake iya aikin neman abinci ba.

Na ce mata, to wanda ya kwanta wata shida ko shekara guda, ana sa ran zai tashi fa? Babu. Wanda aka kora daga aiki yana neman wani fa? Shi ma babu. Wallahi sai da na sake tambaya da Tonanci, yaren Asante, ko Turancin ne ban fahimta ba. Amsar ba ta canja ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ci mini rai, har yanzu in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa. Na koma wurin likitan da ke duba Yaya in nemi rahoto. Likitan ya dube ni da fara'a ya ce, "Ku gode wa Allah, ɗan'uwanka yana samun sauƙi. In aka dage da gashi da motsa jiki da shan magani, akwai kyakkyawan zaton zai sake taka ƙafarsa, hannun ma zai iya dawowa." Wannan ita ce maganar da Mma take kwana tana roƙon Allah ta ji. Ni kuwa ina tsaye a gabansa, sai na kama kaina ina lissafin cewa in haka ne ba za a rubuta "dindindin" ba, in ba a rubuta ba kuwa babu ko kwabo. Na fito na zauna a kan benci na yi istigfari. Wace irin doka ce za ta sa ƙani ya ji albishirin warakar yayansa ya kasa yin murna da zuciya ɗaya? Wane ne ya zauna ya tsara abu haka, ya sa hannu, ya tafi gida ya yi barci?

Ku duba inda aka ajiye bawan Allah nan. A wurin kamfani ya gama amfani, shi ya sa aka sallame shi. A wurin dokar fansho bai gama lalacewa ba, shi ya sa ba a ba shi komai. Ita kanta dokar ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, baki biyu gare ta a kan wannan. A wani sashe ta ba mai kamfani damar sallamar wanda ciwo ya hana shi aiki, a wani sashen ta ce zalunci ne a kori mutum saboda ciwo na ɗan lokaci da likita ya tabbatar. Kuma ba ta yanke adadin kwanakin da dole a biya marar lafiya albashi ba, ta bar wannan ga yarjejeniyar kowane wurin aiki. Inda akwai ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi, marar lafiya ya sami abin riƙewa. Inda babu, kamar wurin su Yaya, sai abin da manaja ya ga dama.

Ban gama haɗiye wannan ba aka buga mini takardar lissafin abin da aka biya masa. A shekara uku na ƙarshe, wata tara kacal kamfanin ya kai kuɗin. Wata tara! Alhali ga takardun albashinsa a hannuna, Yaya mutum ne mai adana takarda, duk suna cikin wata tsohuwar jaka ƙarƙashin gado, kuma babu wata ɗaya da ba a yanki kashi 5.5 ɗin nan ba. Sun cire daga guminsa sun zuba a aljihunsu. Doka ta ce a kai kuɗin cikin kwana 14 bayan ƙarshen wata, wanda ya yi jinkiri a ci shi tarar kashi 3 cikin ɗari kowane wata. To su sun yi wata da watanni ba su kai ba, kuma motocinsu na nan suna shiga daji suna fita. Yanzu ko da gobe likitoci sun ce nakasar ta dindindin ce, Allah ya kiyaye, wata 12 ɗin ba su cika a rubuce ba sai an tilasta wa kamfanin ya biya bashin da ke kansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya ci amana yana zaune a ofis mai sanyi, wanda aka ci amanarsa yana kwance a tabarma ana juya shi.

Daga nan aka shiga je-ka-ka-dawo. Ina da shagon gyaran waya a Alabar, kuma duk ranar da na rufe shi, ranar babu cefane a gida biyu. An ce in kawo takardar ɗaukarsa aiki, na je kamfanin sau biyar. Yau mai kula da ma'aikata ya tafi jana'iza, gobe makullin durowa na hannun wani, jibi a dawo bayan an biya albashi. A karo na huɗu mai gadi ya ce an hana shi barina in shiga, shi kansa yana jin kunyar faɗa, don Yaya ya sha rage masa hanya. Rahoton asibiti kuwa sai da na biya kuɗi, na jira mako uku, da ya fito an rubuta sunan mahaifinmu da harafi ɗaya daban da na katin Gana, aka ce sai an sake. Na kai ƙarar korar inda ake sauraron irin wannan, an sa rana sau biyu, sau biyun kamfanin bai turo kowa ba, aka ɗage. Su rashin zuwa bai rage musu komai ba. Ni kowane zuwa kuɗin pragya, keken haya mai ƙafa uku, ne da na motar haya trotro, da yinin da na rasa, da ɗaukar mutum mai shanyayyen jiki a sauko da shi daga bene.

Wani abokin aikinsa ya ce mu gwada tiya-tu, ai wannan kuɗinsa ne da sunansa. Na bincika. Wanda ba shi da aiki yana iya ɗauka, amma sai ya kai shekara 50. Yaya saura shekara huɗu. Ko kuma a dawo kan waccan kalma ta dindindin. Kuɗin mutum, da ya tara da ƙashin bayansa a kan hanyoyin daji, yana kallo an kulle, 'ya'yansa suna shan koko babu ƙosai.

Kada wani ya ce mini wannan sai ƙasashen Turawa. A Afirka ta Kudu akwai asusun da ma'aikaci ke zuba kashi 1 cikin ɗari, mai kamfani ya zuba 1, kuma daga ciki ake biyan wanda ya rasa aiki da wanda ciwo ya kwantar na ɗan lokaci. Kashi biyu ke nan. Mu ana karɓar 18.5, amma wanda ya kwanta jinya ba shi da rabon yini ɗaya. Kuma hukuma ta san da wannan rami. A watan Yulin 2020, lokacin korona, ministan kuɗi na wancan lokaci Ken Ofori-Atta ya tsaya a majalisa a Akra ya yi maganar kafa inshorar rashin aikin yi ta ƙasa. Shekaru sun wuce. Ku zaga Aboabo da Asawase da Sawaba da Akwatia Line ku nuna mini mutum ɗaya da ya rasa aiki aka tura masa sidi ɗaya ta wannan hanya. Ni ban gan shi ba. Masu giwa da masu lema, wato jam'iyyun NPP da NDC, duka sun san hanyar Zango in zaɓe ya matso, sun san ƙofar limamai da ta sarakuna, suna zuwa da shinkafa da sukari in azumi ya kama. Shinkafar kwana uku muke ci ta ƙare. A gyara dokar da za ta riƙe marar lafiya wata shida, wannan ne ban ji ɗayansu ya ɗauke shi da gaske ba.

Akwai kuma wani tarko da mutane ba su lura da shi ba sai ya kama su. Kamfanonin katako nawa suka durƙushe a garin nan muna gani? Mutum ya biya shekara goma, aka rufe wurin aikinsa, ya koma tuƙa aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ko dako a kasuwar Kejetia. In ya wuce shekara biyu a haka sannan ciwo ya kayar da shi, wata 12 cikin 36 ɗin nan sun riga sun zube, fanshon nakasa ya wuce shi. Wato rashin aikin da ba a taimake shi a kai ba, shi ne kuma zai hana shi taimako ranar ciwo. Ana ta kira ga masu sana'ar hannu su yi rajista su riƙa biya da kansu, kuma ni ban ce kada a yi ba, tsufa gaskiya ne. Amma in yaran garejin Suame suka tambaye ni abin da za su samu ranar da injin ya faɗo wa mutum a ƙafa ya kwanta wata biyar, me zan ce musu?

Wasu dattawa sun ce mini in yi haƙuri, ciwo daga Allah ne. Na yarda, kuma ba da ƙaddara nake faɗa ba. Allah ne ya saukar da ciwon, amma mutum ne ya yanki kuɗin bai kai ba, kuma mutane ne suka rubuta dokar. Zumuncin Zango shi ya riƙe mu zuwa yau, Allah ya saka wa jama'a da alheri. An yi mana tarin kuɗi a masallaci ranar Juma'a, Yaya yana gida yana kuka don bai taɓa zaton za a ambaci sunansa a irin wannan ba. Matarsa ta kwashe kuɗin susunta, wato adashinta, gaba ɗaya ta biya hoton ƙwaƙwalwa. Mma ta sayar da zannuwan da ta ajiye tun aurenta. Waɗanda suka ba mu ɗin ma masu neman na yau ne, ba za su iya yi kowane wata ba, kuma ba su ne suka karɓi kashi 5.5 na shekara 13 ba.

Shekaranjiya Yaya ya ɗaga cokali da hannun dama, ya kai bakinsa sau uku kafin ya faɗi. Mma ta yi ta hamdala tana share hawaye. Da na zo fita ya kira ni da harshensa mai nauyi ya ce, "Ƙanena, sun ce yaushe?" Na ce, "Yaya, ranar Alhamis za a sake zama." Ban gaya masa cewa mai gidan haya ya aiko tun makon jiya ba, kuɗin hayar da aka biya ya ƙare ƙarshen watan nan, kuma na shekara guda yake so a dunƙule.